Shingen Cindazugun Umaru

Bana shekara tara ke nan da aka kai ƙanena Umaru makwancinsa a Kebbe. Har ya koma ga Allah, "Umaru mai man banza" ake ce masa a kasuwa, kuma ni ban taɓa yafe wannan suna ba.

Injin niƙa gare shi. Tsadar man dizal ta ishe shi, sai ya kewaye gonarmu ta gado da cindazugu, wai daga 'ya'yan zai riƙa tatso man inji. Ya tatsa kuwa, ya ɗura shi ɗanye da kaurinsa. Inji ya yi tari, ya toshe, ya mutu da hatsin mutane a ciki. Daga ranar suna ya bi shi.

Bayan rasuwarsa dangi suka ce a sare shingen, tunda ko akuya ba ta cinsa. Na ɗauki tabarma na zauna bakin gona. Na ce wa babban wanmu, "Yaya, mai sarewa shi fara da ni." Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai daga baya na shiga ajin manya. Baki na da ƙarfi, amma ciki tsoro ne: kada dai wautar mamaci nake gadi.

Ɗiyarsa Hadiza ce ta raba ni da wannan tsoro. Ta karanta ilimin sinadarai a Sakkwato. Bara ta kwaso ƙasusuwan shanu wurin mahautan Tambuwal, ta ƙone su har suka zama farar toka. Ta dafa man cindazugun da tokar da wani sinadari, ya rabu biyu, na sama ya tsinke kamar ruwa. Na tambaye ta aikin tokar.

"Gwaggo, kamar kanwa ce ga wake. Ba ita ce abincin ba, ita ka sa shi nuna da wuri. Ita Baba ya rasa."

Aka gyara tsohon injin, aka zuba masa man na sama. Ya tashi, ya niƙe dawar gidanmu tas. Ranar na yi ajiyar zuciyar da na daɗe ina riƙe da ita. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Mu ƙashi muka dafa.

Da Umaru na nan, ba zai yi wa kowa gori ba. Dariya zai yi, ya koma bakin injinsa. Gorin nawa ne. Da damina Yaya da kansa ya zo neman rassan da zai dasa a tasa gonar. Na ba shi, amma sai da ya faɗi sunan mai shingen daidai: Umaru, ba ƙari.