Tsaka Mai Ɗigo-ɗigo a Zauren Baba

Shekarar da aka tura ni koyarwa Gwaram ban san zama ba. Litinin da sassafe in bar gidanmu na Birnin Kudu, Juma'a in dawo, kuma duk inda nake hankalina yana ɗaya wurin. Na nemi gurbin ƙaro karatu, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. In ina aji sai in riƙa leƙen taga. In na dawo gida, kafin in suɗe hannu na fara tunanin hanya.

A wannan hali na je Kano bin sawun takarduna, na sauka wurin Kawu, ƙanin Inna, mai sayar da tattabaru da aku. A bayan kejojinsa na hangi wani akwatin gilashi an rufe shi da tsumma. Na ɗaga. Wata halitta ce kwance, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba, rawaya, jikinta duk ɗigo-ɗigon baƙi kamar damisa, jelarta kuma ta yi ɓul-ɓul. Ta dube ni, ta lumshe ido, ta buɗe a hankali. Ban taɓa ganin tsaka ta lumshe ido ba.

"Wani Bature ne da zai koma ƙasarsu ya bar min ita," in ji Kawu. "Ya ce ba ta da dafi, ba ta hawa bango, ƙwari kawai take ci. Duk wanda ya leƙa sai ya yi a'uziyya ya ja baya. Ni ma ta ishe ni."

"Kawu, ka ba ni ita."

"Ka tambayi Yaya tukuna?"

Ban tambayi Inna ba, don niyyata in ajiye ta a ɗakin da nake haya a Gwaram. Sai dai ko kwana ba ta yi can ba. Mai gidan, wani dattijo mai fara'a, ya gan ni ina shigar da akwatin, ya leƙa, fara'ar ta ɗauke. Ya ce, "Malam, ina ganin mutuncinka. Amma a gidan nan akwai jikoki, akwai randar ruwan sha." Da yamma na ɗaure akwatin a bayan ɗan acaɓa zuwa tasha, na nufi gida.

Inna tana tankaɗe na shiga. Da ta gane abin da na riƙo, rariyar ta tsaya a hannunta.

"Tsaka? Wadda mutane suke bi da takalmi, ita ka ɗauko a mota?"

"Inna, ba irin ta gida ba ce."

"Ko ta Makka ce, ba za ta kwana inda nake girki ba."

Baba ne ya raba gardamar. Tsohon direba ne, ya yi shekaru yana jan bas tsakanin Birnin Kudu da Kano, har idonsa ya fara hazo aka ce ya sauka. Tun daga nan kullum da hantsi sai ya tafi tasha ya zauna a benci yana kallon motoci suna cika suna tashi, ya dawo yana ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya ce a ajiye akwatin a ɗan ɗakin da ke cikin zaure, shi kuma zai tambayi liman. Bayan isha'i ya dawo ya ce, "Malam ya ce abin da aka faɗa a kan tsakar gida kowa ya san shi. Wannan kuwa bai taɓa ganin irinta ba, ba zai yanke hukunci da ka ba. Amma ya ce duk dabbar da ka tsare, cinta da shanta suna wuyanka."

Wuyana aka ce, amma ni ina Gwaram yawancin mako. Na duba a waya na koyi abin da zan iya, na koya wa Baba. Fasasshen kasko muka kifa mata ya zama maɓoya. Murfin kwalba ya zama kwanon ruwa. Gyare da ƙananan fara ake kamowa da rai, a barbaɗe su da garin ɓawon ƙwai saboda ƙashinta. Da magariba take fitowa, ta tsaya cak, ƙarshen jelarta yana kaɗawa, sai wuf, gyaren ya shige.

Ina Gwaram ina bugo waya kamar mai jinyar uwa. "Baba, ta ci?" "Baba, ka canza ruwan?" Har ya fara gajiya da ni. Wata Laraba kuma shi ya kira, muryarsa a sama.

"Kai, ta yi fari fat kamar an tsoma ta a toka. Anya ba mutuwa za ta yi ba?"

Na fita daga aji na bar yara da alli a allo. Na yi ta zagaye bishiyar darbejiya ina dannar waya, kafin in gano saɓa za ta yi. Washegari Baba ya sake kira yana dariya, wai ta tuɓe rigar da bakinta ta cinye, ko ƙyalle ba ta bari ba. Ƙanwata ce ta gaya min Baba ya rage zuwa tasha, yanzu bayan gari yake bi da leda yana ɗaga duwatsu.

Da bazara ta kankama sai tsakar ta daina ci. Gyare ya bi ta gaban hancinta ta kau da kai. Ta dinga safa da marwa a jikin gilashi, tana tonon kusurwa da 'yan yatsunta, ta bari, ta koma wata kusurwar. Muka ce zafi ne. Baba ya shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kan akwatin, ya mayar da shi inda iska take shigowa. Ba ta ci ba. Jelar nan mai ƙiba ta fara zamewa. A makon ne kuma sunayen waɗanda aka ɗauka karatu suka fito, babu nawa. Na rasa wanne ne yake hana ni cin abinci a cikin biyun.

Ranar kasuwar Gwaram, ina shirin fita hutun tara, maigadin makaranta ya ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da Baba tsaye da babbar rigarsa, ya rungume wani ɗan bokitin roba da aka huda murfinsa da ƙusa. Tun da ya ajiye tuƙi bai sake shiga motar haya ba.

"Baba! Kai kaɗai?"

"Ni da ita. Direban nan yaro ne, ko ramin da ke gabansa ba ya kauce wa. An ce likitan dabbobi yana zuwa kara yau. Mu je."

Ya ba ni labari a hanya cewa wata mata a motar ta tambaye shi ko 'yan tsaki ne a bokitin, ya ce mata maras lafiya ce, ta yi mata addu'ar samun sauƙi.

Mun sami likitan a tsakiyar shanu, hannunsa duk magani. Da Baba ya buɗe murfin, makiyayan da suke jiran layi suka matso, suka leƙa, suka watse lokaci guda. Likitan ya yi dariya har ya dafa gwiwa.

"Alhaji, ni shanu da awaki na sani."

"To ka duba ta kamar akuya," in ji Baba, ko murmushi babu.

Ya wanke hannu, ya sa na ɗora ta a kan wani murfin roba mai haske, ya ɗaga sama yana kallon cikinta ta ƙasa. Fatar cikin sirirya ce. Ya nuna min wasu abubuwa biyu farare, dogaye, ɗaya a kowane gefe.

"Ba zan rantse ba, amma wannan ƙwai ne. Wurin ajiyewa take nema. Ku sa mata ƙasa mai danshi, ku daina damunta."

Umarni na biyun ne ya fi mana wuya. Baba ya cika wani tsohon kwano da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe shi ya bar ƙofa. Da na zo ƙarshen mako muka zauna a zaure, ni in miƙe in leƙa, ya ce in zauna, can kuma shi ya miƙe. Inna ta aiko da abinci ta ce a gaya wa masu jiran naƙuda su ci kafin ya huce.

Da safiyar Lahadi muka ga ta fito, ta sirance, jikinta duk ƙasa. A cikin rairayin ga ƙwai biyu, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba, ɓawonsu da taushi kamar fata. Da yamma ta cinye duk gyaren da aka zuba mata.

Na gaya wa Baba abin da na karanta, cewa tunda ba namiji ba za su ƙyanƙyashe ba.

"Waya ce ta faɗa?"

"E, Baba."

"To a bar su dai."

Aka bar su. Kullum sai ya yayyafa wa rairayin ruwa da yatsunsa. Kafin ruwan farko ya sauka ƙwan sun loɓa, sun yi rawaya, ɗaya ya yi fumfuna. Baba ya kwashe su a ganye, ya tona gindin zogalen da ke tsakar gida ya binne, ya taka wurin da ƙafa.

Ina ɗaura jakata zan koma Gwaram ya biyo ni har bakin ƙofa, ya rage murya.

"In ka je Kano, ka ce wa Kawunka ya sa ido. Ko Allah zai sa a sami namiji."

Ashe Inna tana shara a bayan ƙyaure. Tsintsiyar ta tsaya.

"Malam, na ji ka fa," ta ce da Baba.

Baba ya gyara hularsa, ya ce da ni, "Yi sauri, kar motar farko ta tashi."