Bango Huɗu na Malam Filibus

Ni dai ba a san ni da haƙuri ba. Shekara talatin da uku na yi ina aikin nas, kuma duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin da nake duti zai gaya maka Sista Lydia hannunta da sauƙi, bakinta da zafi. Yanzu na yi ritaya ina zaune a Trikania, nan cikin Kaduna, jikoki suna cewa wai na yi sanyi. Ƙarya suke yi. A shekarar 2023 saura kaɗan in watsa taron ƙungiyar garinmu a kan mutum ɗaya, Malam Filibus Dogara, kuma ko gobe aka sake, haka zan yi.

Garinmu Kurmin Zomo ne, can ƙasar Zonkwa, inda a da mota ke sauke ka ka ƙarasa da ƙafa. A 1963 Malam Filibus ya dawo gida daga makarantar mishan yana ɗan shekara ashirin, da gajeren wando, da Littafi Mai Tsarki, da rabin kwalin alli. Firamare kaɗai ya gama. Dattawa suka ba shi ɗakin sujada, ɗakin laka mai jinka, ƙofa ɗaya, taga biyu. Haka abin yake a yawancin ƙauyukanmu a lokacin. Ɗaki ɗaya ne, Lahadi coci, Litinin makaranta. Malami ma ɗaya ne, shi ke wa'azi, shi ke karanta wa mutane wasiƙar 'ya'yansu sojoji, shi ake kira in maciji ya sari wani.

Ni na shiga a 1966, kuma da kyar. Babu mai takardar haihuwa, don haka sai a ce ka ɗora hannun dama ta saman kai ka taɓo kunnen hagu. In ya taɓa, ka isa makaranta. In bai taɓa ba, sai baɗi. Ni kuwa guntuwa ce tun asali, har yau ma ban ƙaru ba. Na miƙa, na miƙa, yatsana ya tsaya a sama. Babana yana bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa, da ma ba ya so, ya riga ya ware mini aikin korar birai a gonar masara. Na san in na fita daga ɗakin nan ba zan sake shigowa ba. Sai Malam ya ɗora tafinsa a kaina kamar mai sa albarka, ya ɗan danna shi gefe. Kunne ya zo ya sami yatsa.

"Ta taɓa," in ji shi.

Babana ya ce, "Malam, anya?"

"Baba, da idonka ka gani."

Wannan dannawar ita ce aikin nas ɗina, ita ce gidana na Trikania, ita ce karatun 'ya'yana huɗu. Ina faɗa ba kunya, bayan Ubangiji babu wanda nake gode wa kamar mutumin nan.

Yadda yake koyar da aji huɗu a ɗaki ɗaya shi ne abin da nake so ku riƙe. Kowane bango ya shafe shi da gawayi da ƙaro ya zama allo. 'Yan aji ɗaya suna fuskantar bangon gabas, aji biyu na kudu, aji uku na yamma. Aji huɗu kuwa bangon arewa suke kallo, inda ƙofa take, don su ne masu shirin fita zuwa babbar firamare ta mishan. Kowa da guntun kututturensa na zama, mun ba juna baya, shi yana tsakiya yana zagayawa da tsumagiya a hammata. A nan ana a-ba-ca-da, a can ana biyu sau biyu, a bayanka wani yana kuka. Kai, hayaniya! Amma in ka kuskura ka waiga bangon da ba naka ba, kafin ka dawo da wuya tsumagiya ta iso.

Ƙarshen shekara iyaye sukan cika taga da ƙofa. Malam ya tsaya a tsakiya ya kira suna: "Lydia Gambo, juya!" Sai ka ɗaga kututturenka ka juya hannun dama, ka fuskanci sabon bango. Wanda ba a kira ba, yana nan da tsohon bangonsa sai wata shekara. Daga nan maganar ta fita daga ɗakin ta shiga gari, har cikin yarenmu. Ba ma cewa yaro ya ci jarrabawa. Cewa muke ya juya.

A 1973 gwamnati ta karɓi makarantar, ta turo Mista Caleb mai satifiket ɗin koyarwa, aka buɗe sabuwar rajista, daga baya aka gina azuzuwa na bulo da kwano. Mista Caleb mutumin kirki ne, ban da abin faɗa a kansa. Amma aka ce wa Malam babu gurbin marar takarda. Bai yi gardama ba. Ya miƙa alli da guntun ƙarfen reluwe da muke bugawa a matsayin ƙararrawa, ya ɗauki matarsa da akwati ya taho Kaduna. Ya shiga masaƙa a Kakuri, ya yi shekara talatin a gaban injin har kunnensa ɗaya ya mutu, har aka rufe masaƙar. Ko a can bai bari ba, lokacin cin abinci yakan zaunar da abokan aiki ya koya musu sa hannu, don su daina dangwala yatsa. Matarsa ta rasu. Yanzu yana Unguwar Boro wajen 'yarsa Judith, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. Tsohon ɗakinmu tuni damina ta kwantar da shi.

To, ƙungiyarmu ta 'yan Kurmin Zomo mazauna Kaduna tana zama Lahadin ƙarshen wata, bayan sujada, a zauren wata coci a unguwar Nasarawa. Ciyaman ɗinmu Wilson ne, ɗan marigayiya Maryamu wadda muka zauna kututture kusa da kututture da ita. Yaro ne mai ƙoƙari, yana aiki a sakatariya, digirinsa biyu, kuma ba ya bari a manta. Ran nan ya buɗe taro da fara'a.

"Kafin mu fara, ku taya ni godiya. Sakamako ya fito, Debby tawa ta juya."

Aka yi tafi, ni ma na yi guɗa. Sannan ya ɗauko takardu ya ce za a yi bikin cikar makarantar garinmu shekara hamsin a Disamba, ga ɗan littafin tarihi da kwamiti ya rubuta, ranar Laraba za a kai wa masu bugawa. Ya karanta shafin farko: an kafa makarantar a 1973, malami na farko Mista Caleb. Na kasa kunne ina jiran sunan Malam. Ya wuce shafi na biyu, ya wuce na uku, ya rufe.

Na miƙe ba tare da ɗaga hannu ba. "Ciyaman, hamsin ko sittin? Ina Malam Filibus?"

"Mama Lydia, da girmamawa, mun san Baba ya ɗan taimaka a coci. Amma tarihi da takarda ake rubuta shi. Na je ofishin ilimi da kaina, rajista daga 1973 ta fara. Akwai wata rajista? Akwai hoto?"

Babu. Littafin sunayen Malam gara ta cinye tun ina budurwa. Hoto kuwa wa ya san shi a Kurmin Zomo?

Ya ɗan taimaka! Wannan kalmar ce ta kwance mini kai. Na ce masa digirinsa biyu ba su kai tsumagiyar Malam ɗaya ba. Na ce lokacin da muke karatu a ɗakin nan ko labarinsa babu. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba, a cikin harabar coci kuwa, Allah ya gafarta mini. Matasa suka fara gunaguni, wata ta ce, "Mama, a yi haƙuri mana, lokaci na tafiya." Wilson ya haɗe rai ya ce za a kaɗa ƙuri'a a wuce wurin. Na duba zauren, matasa sun ninka mu sau huɗu. In aka buga littafin nan haka, shi ke nan, jikokinmu shi za su karanta, Malam kuma zai mutu ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba sai katin masaƙa. Kuma bakina ne ya ƙarasa ɓata abin.

Na zauna ina huci. Sai maganar Wilson ta farkon taro ta dawo mini.

Na ɗaga hannu wannan karon, kamar mutuniyar kirki. "Ciyaman, tambaya ɗaya. Ka ce Debby ta juya. Ina ta juya, gabas ko yamma?"

Aka yi dariya. Ya ce, "Haba Mama. Ta ci jarrabawa ke nan. Ai haka ake faɗa da Hausa."

"Wace Hausar? Je ka gaya wa maƙwabcinka Alhaji cewa 'yarka ta juya, ka gani in bai ce maka Allah ya ba ta lafiya ba. A bakin wa ka ji?"

Ya ce, "Mamana. Duk ƙarshen shekara in na kawo sakamako."

"Ita a ina ta ji?"

Na ce duk wanda ya yi karatu a ɗakin jinka ya miƙe. Mu goma sha ɗaya ne, masu ciwon gwiwa, masu sanda, da wani tsohon soja da ba ya ji sai an yi ihu. Ban yi musu bayanin komai ba. Na buɗe murya irin ta Malam na ce, "Juya!"

Sai ga tsofaffi goma sun sunkuya, kowa ya ɗaga kujerar robarsa, suka juya hannun dama gaba ɗaya, suka zauna suna kallon bangon coci. Babu wanda ya yi hagu. Tsohon sojan har ya naɗe hannu a ƙirji yadda ake yi. Sannan suka fashe da dariya, wata a cikinsu tana dariyar tana share hawaye da bakin zane. Ni na tsaya na ba matasa labarin bango huɗu, da gawayi, da ƙofa. Na ce wa Wilson, "Uwarka shekara biyu ta yi a bangon kudu, lissafi ya riƙe ta. Ranar da aka kira sunanta, da kututturen a ka ta ruga gida. Kai ne takardar da kake nema, ɗana. A bakinka take."

Wilson ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ba a kaɗa ƙuri'a ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sakatare, a kira masu bugawa, a ce su dakata." Bayan an tashi na je na ba shi haƙuri a kan zancen digiri, amma ban janye na tsumagiya ba.

Mako uku bayan haka ya zo Trikania ya ɗauke ni a motarsa muka nufi Unguwar Boro da littafin, sabo fil, an rubuta shekara sittin a bangonsa. Muka tarar da Malam a falo a kan kujerarsa, yana fuskantar ƙofa, rediyo a cinya. Wilson ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi.

"Wane ne?" in ji Malam.

Na matsa wajen kunnensa mai ji. "Ɗan Maryamu Bawa ne, Malam."

"Maryamu mai bakwai sau takwas? Allah sarki. Guntuwa, ke ce kika kawo shi?"

Shekarata sittin da uku, har yanzu Guntuwa. Na ce ni ce.

Wilson ya buɗe shafin farko ya karanta da ƙarfi, a hankali: an kafa makarantar Kurmin Zomo a 1963, a ɗaki ɗaya, malami na farko Filibus Dogara, ya koyar shekara goma. Ya karanta bango huɗu ɗaya bayan ɗaya. Malam ya karɓi littafin ya kai shi dab da idonsa mai gani, ya bi layin da yatsa, ya tsaya a kan sunan. Leɓensa yana motsi. Ya daɗe a wurin.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ne, Baba. Da farko na yi kuskure, Mama Lydia ta gyara ni."

"Da faɗa ko?"

"Da faɗa, Baba."

Malam ya yi dariya har da tari. Ya lalubo kan Wilson ya dafa, ya ce, "To, ɗan Maryamu, juya." Babban mutum mai digiri biyu ya kifa kai a gwiwar tsoho yana kuka kamar ɗan aji ɗaya, ni ma ban tsira ba.

Rana ta karkato ta ƙofa tana dukan fuskarsa. Judith ta shigo da ruwa ta ce, "Baba, bari in gyara maka kujera ka kalli ciki, ranar nan ta yi yawa."

Ya ɗaga mata hannu. "Bar ni haka. Na gama bango uku, aji huɗu nake."

Judith ba ta gane ba, ta ɗaga kafaɗa ta koma kicin. Ni na gane: 'yan aji huɗu ƙofa suke kallo, su ne masu shirin fita. Na jawo kujera kusa da tasa, na riƙe hannun nan da ya danna mini kai, na ce, "Malam, na gode." Ya ce in ƙara murya, ta wannan kunnen ba ya ji. Na zagaya ɗaya gefen na sake faɗa.