Littattafan da Aka Yi wa Guga

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka tashe ni daga teburin da na daɗe ina gadi a sakatariyar ƙaramar hukuma, aka ce na zama shugabar shirin karatun ƙananan yara da walwalar iyali. Sunan ya fi ofishin girma. Ɗaki ne guda a bayan wani ƙaramin asibitin unguwa a Tarauni, da 'yan tabarmi, da fanka mai juyawa idan ta ga dama. Wata ƙungiya ce ta kawo littattafan, masu hotuna, shafukansu na kwali. Namu kason shi ne ɗaki da ma'aikaciya, wato ni.

Aikin ba wuya a faɗe. Duk uwar da ta kawo ɗanta rigakafi, sai nas ɗin asibitin, wadda kowa ke kira Sista, ta turo min ita. In zaunar da ita, in ɗora mata yaron a cinya, in ba su littafi su tafi da shi gida. Ba sai uwa ta yi boko ba. Ta nuna akuya ta ce akuya, yaro ya taɓa, ya juya, ya kai baki in ya so. A wajen bita ma cewa aka yi littafin da yaro bai tauna ba, bai karanta shi ba. Na so aikin nan, ba zan ɓoye ba. A duk zamana a gwamnati, lokacin ne kawai nake tashi da safe ina ɗokin fita.

Ashe ba ni kaɗai ke son ɗakin ba. Sabon kansilan mazaɓar, mutum mai yawan gaisuwa, yakan leƙo ya tambayi lafiyar yara, idonsa na auna bango. Wurin zaman magoya bayansa yake nema. Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ya ce a dakata tukuna, ƙungiyar za ta aiko wakiliya ta ga ko yara na amfani da littattafan. In suna yi, shiri ya ci gaba. In ba sa yi, a naɗe tabarmi.

Matsalata ita ce mutanenmu na girmama rubutu. Mu da muka tashi in mun ga takarda a ƙasa sai mu ɗauka mu soke a katanga, ko da ta ƙunshin ƙosai ce, kada a taka sunan Allah, sai ga ni ina gaya wa uwa ta miƙa wa mai rarrafe littafi sabo fil ya yi masa yawu. Su ce to, Hajiya. Babu wadda ta taɓa yi min musu. Da na fara bin gidaje a Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa, sai na tarar da littattafaina cikin ƙoshin lafiya. A gidajen Musulmi suna saman sif, a leda. A gidajen Kirista suna cikin kabad ɗin gilashi, tare da kofunan da ba a shan shayi da su. Wata tsohuwa ta taka kujera ta sauko min da na jikanta, ta ce in duba da kyau, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Na yi mata godiya.

Na yi ta fama. Har a gabansu na ba wani jariri littafi, ya cafke ya kai baki, uwarsa ta fizge ta ba ni haƙuri. Amma sannu a hankali aka fara samun sauƙi, nan gefe ya lanƙwashe, can tabon koko. In na ga tabo sai in ji kamar an yi min ƙarin girma. Wadda ta fi faranta min rai wata 'yar Filato ce mai sayar da dankali a bakin titin gidan zu, muna ce mata Maman 'Yan Biyu. Ba wai ta fi sauran ɗaukar bayanina ba ne. Hannu biyu gare ta, ga yara biyu, ga ciniki, don haka takan jefa musu littafin a ƙarƙashin tebur su shafa mata lafiya. Sista ce ta wuce ta gani, ta zo tana dariya ta ce sun cinye kunnen akuyar sun fara ƙafa. A raina na ce alhamdu lillahi, na sami shaida.

Da aka sa ranar zuwan baƙuwa, na gaya wa iyaye kowace ta zo da ɗanta da littafinta yadda yake. Kansila kuwa, don ya nuna yana tare da mu, ya sa aka zaga unguwa da lasifika ana shelar cewa manyan baƙi za su zo duba kayan gwamnati da aka raba. Ba na zarginsa da mugunta, ina jin iyakar abin da ya fahimta ke nan. Amma matan da mazajensu suka sha tsallen kwaɗo a hannun soja saboda kwatar ƙofar gida sun san shirin da ake yi idan hukuma za ta zo dubawa.

Ranar, ɗaki ya cika har waje. Mata sun ci kwalliya, yara sun sha hoda da kwalli, kowace ta rungumo littafinta. Waɗanda ba a taɓa buɗewa ba sun zo a ledarsu ta asali. Waɗanda na sha wuya kafin su lanƙwashe kuwa, an share su da tsumma, an bi su da dutsen guga, an sa a sabuwar leda an liƙe bakin da wutar kyandir. Wallahi har ƙamshin turaren wuta suke yi. Na duba ban ga Maman 'Yan Biyu ba. Sista ta aika wajen teburinta, aka ce yau ba ta fito ba.

Baƙuwar mace ce mai natsuwa daga Legas. Ta cire takalmi ta zauna a tabarma, ta bi littattafan tana juyawa. Ta sa Sista ta tambayi wata uwa ko ɗanta na wasa da nasa. Matar ta dafe ƙirji ta ce Allah ya kiyaye, ita ba irin tarbiyyar da ta ba ɗanta ke nan ba. Matar nan da idona na ga ɗanta yana jan littafin a tsakar gida yana ƙugin mota. Sauran suka mara mata baya, kowace na rantsuwa, suna satar kallona don in ga yadda suke fitar da ni kunya. Na buɗe baki na fara bayani, ni kaina na ji yadda maganar ke fita: shugabar shiri na ƙaryata iyaye a gaban baƙuwa, tana rantsuwa cewa kayan sun fi haka lalacewa. Baƙuwar ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta gane. Kansila ya yi jawabi, ya yaba wa matan mazaɓarsa bisa riƙon amana. Aka sha lemo.

Ba a jima ba saƙo ya zo cewa za a mai da shirin wani gari. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma rasa wanda zan huce a kansa, don kowa alheri ya nufe ni da shi.

Ina naɗe tabarmi, mutanen kansila na tsaye a ƙofa da benci, sai ga Maman 'Yan Biyu, ɗaya a baya ɗaya a hannu. Ta jira suka matsa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kwance bakin zaninta ta fito da abin da ya rage. Bangon ya tafi, shafukan sun yi laushi, ko'ina sawun haƙori da manja. Na hannun ya hango, ya miƙa hannu yana kukan akuya. Ta buge hannun.

"Hajiya, ki yafe min," in ji ta. "Na ji shela, na dubi ɓarnar da yaran nan suka yi, na ce ba zan kai wannan gaban manya in tona miki asiri ba. Shi ya sa na kulle ƙofa muka wuni a ɗaki, ko kasuwa ban fita ba."

Ta ce ta ji labari taro ya yi kyau, ta gode wa Allah. Sannan ta rage murya ta tambaye ni, tunda baƙi sun tafi lafiya, ko akwai wani da zan ba su, don wannan ya ƙare.