Tukunyar Kaji a Kan Farin Ƙyalle

Ina aji shida a lakwal, makarantar boko, aka ce za a buɗe ɗan muze, gidan adana kayan tarihi, a garinmu, don tunawa da 'yan cin ranin Matameye da bom ya rutsa da su a biranen Najeriya. Daga Damagaram aka turo mai tattara kayan, wani mai farin gilashi da turare mai hawa kai.

Kafin ya dawo gida, Baba shayi yake sayarwa a bakin wata tasha a Maiduguri. Ranar da bom ya tashi, ƙarfe ya huda masa buta, kunnensa na hagu kuma ya mutu. Ya kai butar aka liƙe ta, kashegari ya hura wuta a inda ya saba. Labarin da yake so a sani ke nan.

Da Inna ta ji baƙo zai zo ganin butar, sai ta dirje ta da toka har tana ƙyalli, don kada a ce mu ƙazamai ne. Mutumin ya juya ta, ya taɓe baki.

"Malam, wannan ai ba ta nuna wahala."

A hagun Baba ya zauna, bai ko tambayi wane kunne ke ji ba. Can ya hango baƙar tukunyar da kajinmu ke shan ruwa. "Yawwa! Ga ta!"

"Ta kaji ce fa, Alhaji," in ji Inna daga bayan zana. "Wake na manta a wuta."

Bai waiwayo ba.

Ranar buɗewa mushenmu, wato malamin ajinmu, ya tsayar da ni kusa da tukunyar, in yi bayani da Faransanci. An ɗora ta a kan farin ƙyalle, ga ɗan gashin kaza manne a bakinta. Mai gilashi ya nuna baƙin gindinta ya ce wutar bom ce, muryarsa na rawa, manyan gari suna girgiza kai. Wani ma hoto yake ɗauka. Baba na baya cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya karkato kunnen dama yana jiran a ambaci tashar. Ba a ambata ba.

Aka ce in fara. Na dubi gashin nan, na kulle bakina. Mushe ya harare ni.

Sai Baba ya taso. Tun da kunnen ya mutu ba ya iya magana a hankali.

"In an gama kukan, a ba mu abarmu. Kaji na jin ƙishi."

Ni na ɗauko ta a ka har gida.