Gwangwani Biyu, Dattawa Biyu

Har yau ban manta da Litinin ɗin da na yi adalcin da ya hana ƙauye guda ruwa ba. Shekara ta biyu ke nan ana fari, watana huɗu da kama aiki a mangazar wata ma'aikata mai kula da ruwan ƙauyuka a Damagaram. Aikina ba da kayan da ke ajiye a ciki. Sauran lokaci ina bakin taga, ina rubuta waƙoƙi kan girgijen da ya ƙi zuwa.

Rijiyoyi sun ƙafe. Motar siterni ce ke kai ruwa duk Alhamis, ta juye a tankin ƙarfe na kowane ƙauye. Doka ɗaya ce: tankin da ke yoyo, mota ta wuce shi. Da epoksi muke toshe tsaga, wanda kowa ke kira kol. Akwai mai kamawa cikin mintoci, na ƙananan gyare-gyare. Akwai mai kwana kafin ya bushe, shi ya fi ƙarfi. Akwai kuma mai kama da ƙullu, da ake murzawa a cusa a rami. Na haddace sunayensu kamar darasin lekol, wato makarantar boko. Yadda ake aiki da su ne ban taɓa tambaya ba.

Ran nan shef ɗinmu, wato shugaban ofis, Malam Issa, ya tafi Takieta. Sai ga dattawa biyu daga wajen Gouna, Baba Maina da Baba Sanda, ƙauyukansu na hangen juna, sun daɗe suna gardama kan ruwa, kowa tankinsa ya tsage. Kwali ɗaya ya rage na mai kwana, gara ta cinye takardar bayaninsa. Na buɗe, na ga gwangwani biyu. Dattawa biyu, gwangwani biyu! Har idona ya kawo ruwa don ganin yadda Allah ya daidaita abin. Na miƙa wa kowa ɗaya.

Baba Sanda ya shinshina nasa. "Ƴata, me ya sa nawa ke warin kifi?"

"Sabo ne, Baba," na ce, da muryar wadda ta yi karatu.

Laraba da safe suka dawo, shef na nan. Baba Maina ya ɗaga hannuwansa, ciyayi sun manne har gwiwar hannu.

"Kwana biyu muna gadinsa, har fifita muka yi masa. Ya kama ƙuda, ya kama gemuna. Tsagar ce kawai bai kama ba."

"Kai naka ya yi ƙoƙari," in ji Baba Sanda. "Nawa gangarowa yake kamar man gyaɗa."

Malam Issa ya juyo gare ni. "Madmazel Hadiza, kin ba wannan garin gero, kin ba wancan ruwan zafi, kin ce su je su ci tuwo." Ya bayyana cewa ɗaya ƙaro ne, ɗaya mai sandarar da shi, sai an gauraya su daidai. Abin da ya saura a gwangwanayen tanki ɗaya zai isa. Mota gobe, sabon kaya sai wani wata.

Na rasa inda zan sa fuskata. Baba Sanda ne ya yi magana.

"Tankin Maina ya fi girma. A gyara nasa, a zuba rabonmu a ciki."

"Yau ka yarda da ni kan ruwa?" in ji Baba Maina.

"Ban yarda ba. Makullin famfo a aljihuna zai zauna."

Shef ya ce in bi su. Da hannuna na kankare danƙon da na jawo, na goge ƙarfen har ya bushe, na gauraya, na shafa. Ran Alhamis tanki ya riƙe ruwa, ko ɗigo babu. Amma mako uku matan ƙauyen Baba Sanda suna taka rairayin da ke tsakanin ƙauyukan da tulu a ka. A ranar farko wata tsohuwa ta nemo ni.

"Ke ce mai rabon?" Ta ɗora mini tulunta. "To, mu raba hanya."

Rabin tafiya na kai shi, rabin ruwan a zanena.

Shi ya sa, ku sababbin ma'aikata, nake sa ku buɗe kowane kwali ku gauraya a gabana kafin ku miƙa wa mutum. A wannan aiki, kuskuren mangaza wuyan wata mata ne ke ɗaukarsa. Mutanen ƙauye sun yafe mini tun kafin in roƙa, sunan ne kawai suka riƙe. In kun je wajen Gouna, ku ce Mai Rabo ce ta aiko ku. Za a ba ku ruwa, bayan an gama dariya.