Muƙabalar da Malam Haliru bai ƙarasa ba

Labarin ya iske ni da safen nan a bakin kanal ɗin ban ruwa, a Goronyo. Ƙanensa ne ya kira. Ya ce, "Malam Haliru lokaci ya yi, an wuce da shi asibiti jiya, bai kwana ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku yi haƙuri da rubutun.

Wanda bai san shi ba, Malam Haliru malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Wurno, ɗan gidan malamai. Shi ya koya mini rubuta manhaja. A zaurensa nake cajin laftof da solarsa, in sha datarsa, in sha furarsa, in magariba ta kusa ya goya ni a babur zuwa tasha. Ko sau ɗaya bai taɓa nuna mini na dame shi ba, alhali na san na dame shi.

Ba ya kiran sunana, sai na garinmu. "Ɗan Giyawa" kawai.

Abin da ya haɗa mu sosai wani ɓacin rai ne. Na rubuta wa ƙungiyar masu noman rani ta wajenmu wata 'yar manhaja, ta riƙa tura musu saƙon waya duk ranar da za a sako ruwa a layinsu. Don ta tsamo lambobin waya daga cikin rubutu, na yi amfani da regex, wato wasu alamomi da ake jera wa kwamfuta su zama mata rariya, ta tace abin da ake nema. Akwai wani laburare na kyauta a intanet mai wannan aikin, wato manhajar da wasu suka rubuta don kowa ya ɗauka, da shafukan bayanin yadda ake amfani da shi. Na ɗauki misalinsu kamar yadda suka rubuta shi. Bayanin ya ce zai bi rubutu har ƙarshe. Ashe a ƙarshen layin farko na rubutun yake tsayawa.

Wasu suka samu saƙo, wasu shiru. Kawuna yana cikin na shirun. Ruwa ya zo ya wuce yana kasuwar Rabah, dashen albasarsa ya sha rana har ya kwanta.

Na je Wurno ina huci. Kun san ni da baki. Na ce wallahi sai na rubuta wa masu laburaren nan abin da ba za su manta ba.

Malam ya bari na gama tas, ya ce, "Mi zagi ka gyarawa? Ka hwaɗa rijiya, Allah ya hisshe ka, sai ka bar ta buɗe ga na baya?"

Ranar muka zauna, muka gwada misalin, muka rubuta daidai, ya tura musu gyaran cikin ladabi. Suka karɓa, har da godiya. Ni dai kawu bai gode mini ba, kuma da gaskiyarsa.

Daga nan Malam ya ɗaura niyya sai ya bi bayanin nan kaf, shafi bayan shafi. Babu mai biyansa, babu wanda ya sa shi. Kuma ba ya yi shi kaɗai. Ya ce a gidansu, in kakansa ya kwafi littafi da hannu, ba a ɗaukarsa ya kammala sai an yi muƙabala: mutum ɗaya ya riƙe asali yana karantawa da ƙarfi, ɗayan ya bi kwafin da yatsa. "Mai rubutu ba shi duba kainai," inji shi. "Ido abin da shika tsammani shika gani."

Haka muka mai da shi. Ni in karanta bayanin da ƙarfi, da Turancina na ɗan fadama, shi yana gwada kowane misali a kwamfuta. In abin da na karanta ya saɓa da abin da ya fito, sai ya ɗaga yatsa, mu tsaya.

Kullum da kalma uku yake buɗewa: "Karanta, ina biye."

Na sha gajiya. Na taɓa ce masa, Malam, wa zai san mun yi? Ya ce wani yaro a wata ƙasa zai kwafi misalin, ya yi masa aiki, ya wuce bai san da mu ba. "Shi ke nan an yi daidai."

Ganinmu na ƙarshe Asabar ɗin da ta wuce ne, bayan la'asar. Na lura ya rame, yana yawan jingina da bango, na tambaya ya ce zazzaɓi ne. Shafi ɗaya ya rage mana a bayanin gaba ɗaya. Mun kai tsakiyarsa muka ci karo da wani misali mai irin cutar da ta kwantar da albasar kawu. Ya tura gyaran, ya rufe laftof.

"Bari sauran, ɗan Giyawa, Asabar mu ƙare shi in Allah ya kai mu. Ka taho min da albasa, ba irin ta bara ba."

Na yi dariya na tafi. Ban ko waiwaya ba.

Ɗazu, bayan mun dawo daga maƙabarta, na buɗe shafin. Masu laburaren sun amsa masa. Sun ce gyaran ya yi kyau, ya duba musu sauran misalan shafin sai su shigar gaba ɗaya. Suna jiransa. A tsarinsu kuma, gyaran da aka bari babu amsa rufe shi ake yi.

Nan ne na yi kukan da ban yi ba a wajen jana'iza.

Na rubuta musu cewa Allah ya yi masa rasuwa, ni ɗalibinsa ne, su ba ni lokaci, kuma su bar sunansa a kan aikin. Ba zan bari a rufe ba.

Na iya gwada misalan. Amma muƙabala ba ta yiwuwa da mutum ɗaya, kuma ba zan ƙarasa masa aiki ta hanyar da ya hana ba. Don haka ina roƙo: in akwai wani a Wurno, Rabah ko Goronyo da ke iya karanta Turanci da ƙarfi, ko bai san komai a kwamfuta ba, ya yi mini magana. Asabar, bayan la'asar, a zaurensa. Ƙanensa ya ce zai buɗe mana. Rabin shafi ne. Kai ka karanta, ni in biye.

Ya Allah, Malam Haliru ya rufe wa bayinka ramukan da bai haƙa ba, Ka rufa masa asiri. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa wannan aiki ya zame masa sadaka mai gudana. Ka bai wa iyalinsa haƙuri, mu ma Ka ba mu.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba.