K Mai Lanƙwasa

A ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa, ɗakin ajiyar fayil shi ne na ƙarshe a baranda, jikin banɗaki. A nan take zama. Doguwa ce, busasshiya, da tabarau rataye da zare a wuya, ga bandeji a wuyan hannun dama saboda ciwon da bugun rubutu ya bar mata. Ma'aikata suna kiranta Anti Kwaɗo. Wasu sun ce don komai nata a kulle yake, wasu sun ce don yadda take kumbura wuya in an taɓa mata tebur. Ba ta taɓa tambayar wanne ne ba. In an kira, tana amsawa.

Da tafireta ta fara, tun tana budurwa, a wani shagon buga takardu kusa da kotu. Tafiretar ba ta da ƙ, ba ɗ, ba ɓ. Sai ta gama shafi ta ɗauki biro ta bi layi-layi tana yi wa haruffa lanƙwasa, don maigidan shagon yaga takarda yake yi in ya ga "baki" a inda ake nufin "baƙi". Da kwamfuta ta zo, abin da ta fara nema shi ne a saka mata haruffan nan. Tun daga lokacin yatsanta ke zuwa kansu ba tare da ya yi shawara da ita ba. Ko saƙon waya take tura wa 'yarta, sai da lanƙwasa.

"Mama," in ji 'yar, "ke kaɗai ce ke rubuta 'sayo ƙwai' kamar za a kai wa alƙali."

Dokarta a wurin aiki ɗaya ce: takardar mara lafiya ba ta fita daga kwamfutarta tsirara. Za ta kulle fayil da kalmar sirri, ta tura ta imel, sannan ta kira wanda zai karɓa ta faɗa masa kalmar da baki. Ba ta rubuta kalmar a ko'ina. Takan ɗaga kai ne ta zaɓi abubuwan da ido ya faɗa wa a ɗakin, ta haɗa su. An sha yi mata tsiya cewa tana wahalar da mutane. Ba ta taɓa tsayawa bayani ba.

Akwai wani mai gyaran fanka da ke zuwa asibitin, ana ce masa Mai Fanka. Shiru-shiru ne, da 'yar jakar kayan aikinsa. Abin da yawancin ma'aikata ba su sani ba shi ne yana da fayil a wannan ɗakin, mai hatimin sashen da ake karɓar maganin da ake sha kullum har ƙarshen rai, na cutar da mutane ke janye kujera in sun ji sunanta. Wata rana yana kan tsani yana kwance mata fanka, ya hango fayil ɗinsa a kan tebur. Ya sauko a hankali.

"Anti, matar yayanmu a babban asibiti take aiki. Ita ke zaune a teburin karɓar saƙo na sashen tiyata."

"Na sani."

"Ko tsohuwarmu ba ta san da maganar nan ba."

"Na ji."

Ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ta ɗauki fayil ɗin ta sa a durowa, ta murza makulli yana kallo. Ya koma kan tsaninsa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi aka shigo da shi a hannu, jiki kamar garwashi, yana riƙe da kwiɓi, bai san inda kansa yake ba. Dama an ɗauki hoton ƙodarsa a makon da ya wuce, an ga dutse. Yanzu dutsen ya toshe hanya, ciwo ya shiga jini. Aka sa shi a motar asibiti sai babban asibiti. Motar na fita, Babbar Nas ta faɗo ɗakin fayil da waya a hannu.

"Anti, likitan tiyata na can yana son hotunan yanzu. Injin hotonsu na hannun masu gyara. Ba zai taɓa shi ba sai ya ga inda dutsen yake."

Imel ɗin sashen tiyata guda ne na kowa. Duk saƙon da ya faɗa can, matar yayan ce ke buɗewa ta buga a takarda ta kai wa likitoci. Ba muguwa ba ce, bakinta ne ba shi da murfi. Kuma kowane shafi na hotunan nan yana ɗauke da sunan Mai Fanka da hatimin nan a samansa.

Ta haɗa hotunan da sakamakon jini, ta kulle, ta tura. Ta karɓi wayar.

"Ranka ya daɗe, saƙon ya shigo. Ka buɗe da kanka a ofishinka."

Ta ji likitan yana danne-danne a can.

"Malama, me kika turo mini? Kwamfutata ta ce ba ta san wannan abin ba."

Ta rufe ido. Tata tsohuwar kwamfuta ce ta tebur, mai gurnani kamar injin niƙa. Tasa siririya ce ta hannu, tsarinta daban, manhajojinta daban. Manhajar da take kullewa da ita babu irinta a can.

"Ba ni ɗan lokaci. Zan sake kulle shi da irin kullen da kowace kwamfuta ke ganewa."

"Lokacin ne ba ni da shi."

Ta sake haɗawa. A wurin kan saƙo ta rubuta "Hoton ƙoda", ba suna. Da aka zo kalmar sirri ta ɗaga kai: ƙofa, fanka, labule. Ta buga, ta maimaita, ta danna turawa. Hotunan masu nauyi ne, sabis kuma ranar rarrafe yake yi. Layin nan mai shuɗi ya tafi kaɗan ya tsaya, ya sake matsawa ya tsaya. Babbar Nas tana tsaye a kanta tana kaɗa ƙafa. Fanka a sama tana ƙiiƙii, don tun da Mai Fanka ya fara ciwo ba wanda ya sa mata mai. Da ƙyar ya tafi.

"Yauwa, yanzu yana tambayar kalma," in ji likitan. "Mece ce?"

"Ƙofa, fanka, labule. A haɗe, ba tazara, duka ƙananan haruffa."

Ta ji ƙarar bugunsa.

"Ya ƙi."

"Sake gwadawa, a hankali."

"Ya ƙi, Malama."

Ta buɗe fayil ɗin a tata kwamfutar, ta buga kalmar. Ya buɗe nan take.

"A nan yana buɗewa."

"To ni ba a nan nake ba. Mutumin ya iso, yana kan gado a ƙofar tiyata. Jininsa sauka yake yi. Ki cire kullen nan ki turo kawai."

"In na turo a buɗe, teburin gaba zai fara gani."

"To sai me? Ma'aikatanmu ne."

Ta dubi hatimin da ke saman shafin farko.

"Ko ki ɗauka da waya ki turo mini," ya ce. "A'a, bari, ba zan ga dutse a hoton waya ba."

Wayar tebur ta yi ƙara. Babbar Nas ta ɗaga, ta saurara, ta miƙo mata da ido a zare. Matar yayan ce.

"Hajiya, don girman Allah ki turo a buɗe, ni zan buga in ruga in kai masa da hannuna. Ƙanin mijina ne fa. Tsohuwarsu tana nan a baranda tana kuka. Me za ki ɓoye mini a jikin ɗan gidanmu?"

"Ana kan yi," ta ce, ta ajiye kan wayar.

Babbar Nas ta jawo ƙofa ta rufe. Ita ta san abin da ke fayil ɗin.

"Anti, dubi idona. In ya mutu, wa za ki riƙe wa sirrin? Gawa?"

Gaskiya ta faɗa, kuma Anti Kwaɗo ta sani. Ta buɗe sabon saƙo, ta jawo hotunan tsirara ta saka. Suka fara hawa. Ta ƙudura a ranta, in suka gama hawa ba a buɗe wancan ba, za ta danna. Mai Fanka zai tashi ya tarar an ware masa kofi da cokali a gidansu, amma dai zai tashi. Ta tuna yadda ya tsaya yana kallon makullin durowa. Wuyan hannunta ya ɗauki zogi.

"Ranka ya daɗe, kana ji na?"

"Ina jiran ki."

"Karanta mini abin da kake bugawa. Harafi-harafi."

Ya ja tsaki. "K, o, f, a, f, a..."

"Tsaya. Wace k?"

"Wace k kuma? K nawa ce a duniya?"

Ta dubi yatsanta a kan allon rubutu. Ta dube shi kamar ɗan da ya jawo mata magana a unguwa.

"Biyu ce. Tawa mai lanƙwasa ce. Ƙofa na buga, ba kofa ba. Laifin hannuna ne, ban ma san na yi ba."

"Innalillahi. Malama, ni tun da na bar firamare ban sake rubuta wannan abin ba. Allon kwamfutata ma babu shi. Canja kalmar ki sake turowa."

Ta dubi layin mai shuɗi. Na tsirarar ma ko rabi bai kai ba. In ta sake kullewa daga farko za a koma, a sake wancan rarrafen.

"Ba za mu kai ba," in ji Babbar Nas a hankali.

Idonta ya faɗa kan saƙon da ta riga ta tura.

"Likita, dubi kan saƙon. Me na rubuta?"

"Hoton... koda."

"Duba da kyau. Harafin farko na kalma ta biyu, yana da ɗan ƙugiya a kai?"

Ta ji ya jawo kwamfutar kusa.

"Yana da shi."

"Shi za ka kwafa. Shi kaɗai, kada ka haɗa da tazarar da ke gefensa. Ka liƙa a wurin kalmar sirri, sai ka ci gaba da hannu: o, f, a, fanka, labule."

"Ita k ɗin fanka fa?"

"Wannan lafiyayya ce. Irin taka."

Ta ji numfashinsa a waya. Ta ji wani ya buɗe ƙofa a can yana kiransa, ya ce a jira shi. Ta ji bugu ɗaya-ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Babbar Nas ta dafa kafaɗarta har sai da farce ya shige ta.

"Ya buɗe."

Ba wanda ya yi hamdala da ƙarfi. Likitan ya shiga dubawa. Can ta ji ya tashi ya tura ƙofar ofishinsa, muryarsa ta sauka.

"Maganin nan da aka rubuta, kullum yake sha?"

"Bai taɓa fashi ba."

"To. Akwai allurar da na yi niyya, zan canja ta. Dutsen na hagu ne, na gan shi." Ya ɗan dakata. "Ni kaɗai na gani."

Ya kashe wayar, ba sallama.

Ta soke saƙon tsirarar, ta bi shi har kwandon shara ta goge. Sannan ta cire tabarau ta zauna tana murza wuyan hannu. Babbar Nas ta ce, "Wallahi Anti, wata rana ke za ki kashe ni." Ta fita neman ruwa.

Bayan azahar matar yayan ta sake kira. An fito da shi, yana barci, an ce da sauƙi.

"Ni ma fa na danna saƙon nan naki, Hajiya. Sai tambayata wata kalma yake yi."

"E, haka yake yi."

"To mece ce kalmar?"

"Allah ya ƙara sauƙi. A gaida tsohuwa."

Tun daga ranar, in za ta zaɓi kalma takan ɗaga kai ta tsallake ƙofa, ta tsallake ƙusar da take rataye jaka, ta tsallake ƙyallen da ke lungu. Abin yana yi mata ciwo kamar an ce ta fita ba ɗankwali, amma tana yi. Kafin ta tura kuma sai ta tambayi irin kwamfutar da ke can.

An kwana biyu sai ga Mai Fanka a baranda, ya rame, yana tafiya a karkace, jakarsa a kafaɗar dama. Ya yi sallama, ya gaishe ta, ya ɗaga kai ya saurari fankar.

"Kada ka hau tsanin nan da ɗinki a jikinka," ta ce.

Ya jawo tsanin ya hau. Ya kwance murfin, ya ɗiga mai, ya ɗaure. Yana can sama ya ce, "Matar yayanmu ta ce ba ta taɓa ganin mace mai taurin kai irinki ba."

"Ta faɗi gaskiya."

"Jiya a kwano ɗaya muka ci da yayan."

Ta mayar da tabarau, ta juya ga kwamfuta.

"Sauko a hankali. Ka kunna mu ji."

Ya sauko ya kunna. Fankar ta juya, ba ƙara.